Ni Na Buga wa Barista Jawabinsa na Farko

Shekarar da aka ba mu jiharmu ni ma na sami aikina na farko. Ofishin wani lauya ne a Kazaure, ɗaki biyu a bakin titi, tsakanin shagon tela da na mai sayar da magani. Ban daɗe da gama koyon tafireta ba a wurin wata mata 'yar kudu, matar wani ma'aikacin gidan waya, wadda ke koyar da mu a barandar gidanta. Ita ta kai ni da ƙafarta, ta ce wa lauyan da irin Hausarta, "Ga yarinya na kawo maka. Ba ta da surutu, kuma ba ta cin gyaɗa a kan inji." Maganar gyaɗar dai gaskiya ce.

Barista kowa ke ce masa, har mahaifiyarsa. Dogo ne siriri mai tabarau, kuma ko ana tsakiyar bazara ba ya rabuwa da baƙar kwat. Yawancin shari'unsa na gona ne: rikicin iyaka, rabon gado, burtalin da wani ya haɗa da gonarsa. Mutanen Gwiwa da Roni da ƙauyukan Babura sukan zo a kan kekuna tun da safe, su jingine su a gindin darbejiyar ƙofar ofis, su zauna a benci suna jira. Wanda ya yi nasara yakan dawo da zabo ko ƙwaryar ƙwai. Akwai ranar da na yini ina buga takardar ɗaukaka ƙara, zakara ɗaure a ƙafar teburina yana taya ni.

Mutumin kirki ne, amma yana da wata ɗabi'a: ba ya iya amsa tambaya kai tsaye. In na ce, "Barista, a kawo shayi?" sai ya ɗago kai ya yi nazari, ya ce, "Ya danganta."

Da aka buga gangar siyasa, wata safiya sai ga dattawa sun cika bencin. Jagoransu wani tsoho ne daga wani ƙauye a bayan Gwiwa, wanda Barista ya taɓa ƙwato masa gonar gado. Ban ga takarda a hannun kowa ba, sai na san ba ƙara suka kawo ba. Tsohon ya ce sun zauna sun yi shawara, suna so Barista ya tsaya musu takarar majalisar dokokin jiha.

"Me ya sa ni?" in ji Barista.

"Kai ne in ka ce ranar Talata, Talatar ce," in ji tsohon. "Sannan ka iya gardama. An ce can gardama ake yi."

Barista ya nemi a ba shi kwana uku. Ya zauna ya rubuta dalilan yarda a gefe guda, dalilan ƙi a ɗaya gefen, ya ba ni na buga. Dalilan ƙin sun fi yawa nesa ba kusa ba. Amma da ya kai wa mahaifiyarsa maganar, ko takardar ba ta bari ya buɗe ba. Ta ce dattawa sa'o'in ubansa ba za su tako har wurinsa ya mayar da su haka nan ba. Shi ke nan, ya zama ɗan takara.

Sai batun jawabi. Da Turanci ya fara rubuta shi, sannan ya zauna da ƙamus yana juya shi zuwa Hausa. Shafi goma sha ɗaya na buga. Akwai tarihin tsarin mulki a ciki, da bambancin aikin majalisa da na masu zartarwa, da wani sashe mai ƙaramin sashe a cikinsa. Tun ina bugawa nake hamma, amma na ɗauka ko don ban yi karatu mai zurfi ba ne.

Ranar kasuwar Gwiwa aka sa. Na bi matan jam'iyya a bayan akori-kura, aikina shi ne in tsaya kusa da motar in riƙa miƙa masa shafi bayan shafi. Da aka kunna lasifika jama'a suka taru sosai, har masu awo suka bar buhunansu. Barista ya hau bayan motar cikin kwat ɗinsa, ya gyara tabarau, ya fara.

A shafi na farko ana sauraro. A na biyu wasu suka tuna ba su sayi gishiri ba. Muna shiga na uku wani mai tallan maganin ɓera ya buɗe murya a can gefen 'yan tumaki, sai jama'a suka gangara wajensa kamar an kira su. Barista bai lura ba, don idonsa na kan takarda. Ni kuwa ina gani, ina miƙa shafi, ina fatan ƙasa ta tsage. Da ya kai ƙarshe ya ɗago kai, dattawan nan ne kawai suka rage, sai wata tsohuwa mai daddawa da ta zauna a gaban motar tun farko ba ta motsa ba. Barista ya sauko ya nufe ta, ya rusuna ya yi mata godiya da ta tsaya har ƙarshe.

Ta ce, "Ɗan nan, ka gama? To a janye min motar, kun tare min masu saye."

Aka janye motar, muka kama hanyar Kazaure.

A gida na ba Baba labari. Mahaifina ya shekara talatin yana magatakarda a kotun alƙali kafin ya yi ritaya, ba irin mai magana da bai saurara ba. Ya yi dariya har sai da aka miƙa masa ruwa. Da ya natsa sai ya ce, "Gobe ki ce masa ina son ganinsa bayan la'asar."

Na ce, "Baba, maigidana ne fa."

"A ofis ba. A nan ɗan abokina ne."

Washegari na daɗe ina juya maganar kafin na faɗa. Ga mamakina, Barista bai ce ya danganta ba. Bayan la'asar ya zo, ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure, ya durƙusa ya gai da Baba. Ni na kawo ruwa, na koma bayan ƙofa na tsaya, don ba zan bari wannan ya wuce ni ba.

Baba ya ce, "In sun zaɓe ka, me za ka yi musu?"

"Ranka ya daɗe, da farko dai ya kamata a fahimci cewa aikin ɗan majalisa ya kasu kashi uku."

"Wannan kunnen ba ya ji sosai. Gajarta min."

"Zan wakilci muradunsu a matakin jiha."

"Ɗayan ma ya fara ciwo. Ƙara gajartawa."

Barista ya cire tabarau ya goge. Can ya ce, "Akwai rafin da ke yanke musu hanyar kasuwa da damina. Bara ruwa ya tafi da jakin wani da kayansa. Zan nema a yi musu kwalbati."

"To, ga jawabi," in ji Baba. "Me ya hana ka faɗa musu haka jiya? Kuma ka fara da gaisuwa. Ka tambayi iyali, ka tambayi gero da dawa. Ba a shiga gidan mutum a fara da karatu. Sannan ka riƙe kalmar nan taka, zan nema. Kada zaƙin taro ya ɗebe ka ka ce zan yi."

Wannan ta yi wa Barista daɗi, har ya ciro biro ya rubuta.

"Kwat ɗin kuma," in ji Baba, "ka ajiye wa alƙali."

Telan da ke maƙwabtaka da mu ya ɗinka masa kaftani biyu cikin kwana uku. Taro na gaba a Roni aka yi, a wani fili da duwatsu suka kewaye. Na tafi da shafukana goma sha ɗaya a jaka ko da za a nema, ba a nema ba. Ya yi sallama, ya gai da dattawa, ya ambaci ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, domin ba wanda bai taɓa zuwa duba iyakar gona a cikinsa ba. Wani mutum daga baya ya ɗaga murya ya ce, "In ka je can ka manta da mu fa?"

Na ce a raina yanzu za a ji ya danganta. Sai Barista ya ce, "Kun san ofishina, kun kuma san gidan mahaifiyata. Ku kai ƙarata wurinta. Ba ta ɗage zama."

Aka kwashe da dariya. Tun daga ranar bakinsa ya buɗe, har wani lokaci sai an ja masa riga kafin ya sauka. Ya ci zaɓe.

Dutse a lokacin sabuwar hedikwata ce, ofisoshi duk na aro, manyan ma'aikata suna kwana uku uku a ɗaki. Barista yakan tafi Litinin ya dawo Juma'a da ƙurar hanya har a gira. Ni na ci gaba da riƙe ofis tare da wani ƙaramin lauya da ya ɗauko. Wasiƙun kwalbatin nan kuwa na buga su har na haddace. Kowane mako akwai sabuwa, kowacce tana tunatar da wadda ta gabace ta. Ya ce min abokan aikinsa in sun hango shi tafe sukan ce ga kwalbati nan ya iso. Daga ƙarshe aka gaji da shi aka amince, har tifa ta je ta juye yashi da tsakuwa a bakin rafin.

Ba a yi wata guda da haka ba sojoji suka karɓe mulki, aka rushe majalisu. Yana ofis aka yi sanarwar, yana cin ƙosai, rediyo a kan tebur. Ya saurara har ƙarshe, ya goge hannunsa, ya ce min, "Malama, ɗauko min fayil ɗin magadan nan na Babura. Ina jin yanzu ina da lokacinsu." Tulin yashin ya shekara da shekaru a wurin, awaki na hawa suna sauka.

A tsakanin nan na yi aure, na haihu, na koma aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, inda aka tilasta mana koyon kwamfuta muna kuka muna dariya. Da mulki ya dawo hannun farar hula Barista ya sake shiga, wannan karon aka naɗa shi kwamishina. Abin da ya fara yi shi ne kwalbatin. Na je na gani da idona, ba wani babba ba ne, amma motar ɗaukar buhuna tana wucewa a kai ko ana ruwa.

Sai dai muƙami ya zo da nasa jama'ar. Mutanen da ban taɓa gani a bencinmu ba su ne yanzu ke buɗe masa ƙofar mota. Ya yi ƙiba, ya koma manyan riguna masu aiki. In ya shigo Kazaure sai dai mu ji wucewar motoci. Ban riƙe shi a zuciya ba, kowa da hidimar gabansa.

Wata rana 'ya'yan tsohon nan na bayan Gwiwa suka zo har gidana. Suka ce mahaifinsu ba lafiya, kullum yana cewa yana son ganin Barista. Sun je Dutse sau uku, ko ƙofar ofis ba a bari sun wuce ba. Na nemi izinin mijina, na goya 'yar autata, na shiga motar haya.

A ofishin na tarar da wani sakatare mai ƙamshin turare. Ya dube ni, ya dubi goyona, ya miƙo min wata 'yar takarda in rubuta sunana da abin da ke tafe da ni. Na rubuta, na zauna. Tun hantsi nake nan har aka kira azahar, masu manyan riguna na shiga suna fita, takardata na nan a ƙarƙashin kofin shayinsa. Sai na tashi na ce ya ba ni wata.

"Hajiya, ai kin cike."

"Na yi kuskure a waccan. Ni ma sakatariya ce, ka san ba ma son kuskure."

Ya ba ni. A wurin suna na rubuta: wadda ta miƙa shafi a kasuwar Gwiwa. Na jira har wani masinja ya zo zai shiga da fayil, na roƙe shi ya ɗora ta a sama. Ko minti biyu ba a yi ba ƙofa ta buɗe, Barista da kansa ya leƙo yana dariya.

"Malama, ke ce aka ajiye a nan? Tun yaushe?"

"Ban daɗe ba, ranka ya daɗe. Tun safe ne kawai."

Ya shigar da ni, ya sa aka kawo lemo, ya karɓi yarinyar yana mata wasa. Na bari ya gama tambayar Baba da mutanen gida, sannan na faɗa masa abin da ya kawo ni, ban rage komai ba, har zuwa ukun da yaran suka yi. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Wallahi ba a faɗa min ba."

"Na sani, Barista. Amma masu hana faɗar, kai ka ajiye su."

Ban san inda na samo ƙarfin halin ba. Sai ya ce in gaya musu ranar Juma'a yana tafe. Da ya rako ni, sakataren ya miƙe tsaye har yana neman riƙe min jaka.

Juma'ar kuwa ya je, mota ɗaya, shi da direba. 'Ya'yan suka ce min ya zauna a tabarma kusa da gadon tsohon har la'asar. Tsohon ya shafa hannunsa ya ce, "Barista, gwamnati ta karɓe ka. Da kamar sillen kara kake." Bayan an gama girbi Allah ya yi wa tsohon rasuwa.

Da zaɓe ya sake zagayowa sai muka wayi gari hotunansa sun cika gari, yana neman gwamna. Hoton ma na lokacin da yake siriri ne. Ya zo neman albarka wurin Baba, wanda a lokacin tsufa ya kama shi sosai, sai an tallafa masa yake zama.

Baba ya ce, "Wakilan da za su zaɓa, nawa ne naka?"

"Ranka ya daɗe, duk wanda ya duba cancanta zai ga ina da hujja."

"Hujja na tambaye ka? Can ba alƙali."

Haka kuwa aka yi. A zaɓen fid da gwani aka ba wani. Mutanen da suka rantse masa da safe, da yamma aka gan su a gidan wancan suna cin shinkafa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Bayan kwana biyu ya aiko a kira ni, ya miƙo min takardu rubutun hannu, ƙara ce zai shigar kotu. Ya ce ba wanda ya yarda da shi ya buga masa sai ni. Na kai sakatariya na buga bayan an tashi aiki, na kawo masa. Ya karanta daga farko har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"Tunda nake ban taɓa rubuta ƙara mai kyan wannan ba," in ji shi.

"Yaushe za a shigar?"

"Ba za a shigar ba. So nake kawai in ga yadda za ta fito." Ya jefa ta a aljihun tebur ya kulle. Washegari ya je ya yi wa wanda ya ci murna.

Ko wannan haƙurin ne ya jawo, ko wani lissafin na manya, ban sani ba. Bayan 'yan watanni aka kira shi Abuja aka ba shi babban muƙami a gwamnatin tarayya. Daga nan sai a talabijin muke ganinsa, yana yanka kirtani ko yana karanta jawabi da Turanci. Baba yakan sa a matso masa da kujera, ya kalla na ɗan lokaci, ya ce, "Yaron nan ya koma wa takarda," sai ya yi barcinsa.

Yana can Baba ya rasu. Ban aika masa ba, don na san hidimar da ke kansa. Ranar sadakar uku ina cikin gida aka ce ana sallama da ni. Na fito na same shi a zaure, a gefen da Baba ke zama, ya tuɓe takalmi, ba ɗan sanda ba kowa. Ya yi min gaisuwa, ya fara cewa wani abu game da Baba, bai ƙarasa ba. Sai ya yi addu'a ya tashi.

Ya yi 'yan shekaru a Abuja kafin a yi garambawul a sauke shi. Wannan karon mutane suka zaci zai zauna can ko ya koma Kano, kamar yadda da yawa ke yi. Sai ga shi ya dawo Kazaure da kwalayen littattafai, ya ce shi noma zai yi. Mutumin da ya yi shekaru yana shari'ar gona, ashe bai taɓa riƙe fartanya ba. Shekarar farko ya shuka gyaɗa a makare, ta biyu ya yi sammako ya shuka tun ruwan farko, ruwa ya ɗauke.

Bara, gab da faɗuwar damina, na je kasuwar Kanya Babba sayen 'yar akuya, don ni ma na yi ritaya ina ɗan kiwo. A layin masu iri na hango wani dattijo mai furfura ya tsuguna gaban buhun riɗi, yana ɗiba yana dubawa, yana yi wa mai kayan tambayoyi. Daga ina aka kawo? Wa ya noma? Akwai wanda zai shaida ya tsiro bara? Tun kafin in ga fuskar na gane shi. Mai riɗin, wani matashi, ya gaji ya ce, "Baba, in za ka saya ka saya, wannan tambayoyi sai ka ce a kotu."

Na matsa na gaishe shi. Ya ji daɗin ganina, ya ja ni gefe yana murmushi, ya rage murya ya ce, "Bai san ni ba. Kada ki faɗa masa, zai ƙara min kuɗi."

Ya sayi tiya uku. Ya ce in zo ya rage min hanya, aka ɗaure akuyata a bayan tsohuwar motarsa, shi ke tuƙi da kansa, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Har muka iso Kazaure yana tambayata yadda ake gane ƙasa ta sha ruwan da ya isa shuka. Na gaya masa iya abin da na sani, na ce sauran ya tambayi maƙwabcin gonarsa, kuma ranar da ya ga mutumin ya fita da iri, shi ma ya fita.